Sharhi kan DokuWiki, daga wanda ya girka ta a wani ofishi a Tawa

DokuWiki manhaja ce ta kyauta ta gina wiki, wato shafukan da mutane da yawa ke iya rubutawa da gyarawa ta burawza, wadda wani Bajamushe mai suna Andreas Gohr ya fara fitarwa a shekarar 2004, kuma ita na zaɓa lokacin da ƙungiyar manoman albasa da nake kula wa da kwamfutoci a Tawa ta nemi wuri guda na tara ƙa'idojin aiki, rahotannin taruka da bayanan sito. Sharaɗin da shugabanni suka gindaya mini shi ne komai ya zauna a kan sabar ofis, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanan, ma'aikata su iya buɗe shi ta layin cikin gida ko da intanet ta yanke.

Kafin in yanke shawara na auna ta da MediaWiki, manhajar da Wikipedia ke gudana a kanta. Babu mai musun ƙarfin MediaWiki, amma ba ta tashi sai an haɗa ta da rumbun bayanai irin su MariaDB, wanda shi ma yana son mai kula da shi. DokuWiki kuwa PHP (harshen kwamfuta da aka rubuta ta da shi) da manhajar sabar irin Apache sun ishe ta, domin kowane shafi fayil ne na rubutu zalla a cikin foldar data/pages, tsofaffin kwafinsa kuma suna cikin data/attic. A garin da wuta ke yawan ɗaukewa, musamman a zafin Afrilu da Mayu, wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Kowace Juma'a ina kwafe foldar data da ta conf a filash, kuma ko da sabar ta mutu ɗungurungum, kowace kwamfuta za ta buɗe waɗannan fayiloli a karanta.

Girkawar kanta ba ta da wuya: a sauko da manhajar, a warware ta a kan sabar, a buɗe install.php a burawza, a ba wikin suna, a saka kalmar sirrin mai kula. Wahalar tana gefe da gefe. A Ubuntu, wani nau'in tsarin Linux mai gudanar da kwamfuta, Apache yana aiki ne da sunan www-data, kuma muddin wannan suna bai sami izinin rubutu a foldojin data da conf ba, shafin girkawa zai tsaya yana ƙorafi. Akwai masu ba da shawarar a buɗe izinin ga kowa da lambar 777. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan, abin da ya dace shi ne a mallaka wa www-data foldojin da umarnin chown.

Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne tsaron foldar data. DokuWiki tana zuwa da fayilolin .htaccess da aka yi domin su hana a shiga foldar kai tsaye, amma Apache na Ubuntu, a yadda yake zuwa, saitinsa AllowOverride None ne, wato ba ya ma duba su. Sakamakon haka, duk wanda ya san hanyar fayil zai iya karanta shafin da aka kulle ba tare da kalmar sirri ba, ciki har da jerin basussukan mambobi. Manhajar tana nuna gargaɗi a shafin girkawa da kuma shafin mai kula, kuma na yaba da hakan. Gyaran shi ne a mayar da saitin AllowOverride All a sake tayar da Apache, ko a fitar da foldar daga inda burawza ke iya kaiwa.

Wata safiya sakatariyarmu ta kira ni, takardar yarjejeniya mai hatimi a hannunta, ta ce: "Malam, hoton takardar nan ya ƙi shiga, ko na'urar ce ta lalace?" Ba laifin wikin ba ne, PHP ne ke zuwa da iyakar megabait 2 ga fayil ɗaya, sai da na ɗaga upload_max_filesize da post_max_size a php.ini, fayil ɗin saitin PHP. Haruffanmu masu ƙugiya kuwa suna fitowa daidai a cikin rubutu, amma a sunan fayil harafin ƙ yakan koma %C6%99, har sai an sauya saitin fnencode na DokuWiki zuwa utf-8, kuma gara a yi hakan kafin shafuka su yi yawa.

Inda DokuWiki ta gaza shi ne wajen rubutu. Wanda ya saba da Word dole ya koyi alamomin kanun magana da na jadawali, kuma jadawalin buhunan da ke shiga sito yana cin lokaci sosai, har muka bar wannan lissafi a Excel. Amma tana adana daftari yayin da mutum ke rubutu, tana kuma kulle shafin na minti 15 don kada mutum biyu su yi karo. Ina ba da shawarar ta ga makaranta, asibiti ko ƙungiya mai ma'aikata kaɗan, da sharaɗin akwai wanda zai iya taɓa saitin Apache.