Shekara guda da injin niƙa mai guduma: inda ya fisshe mu da inda ya gaza

Mu mata bakwai ne da muka haɗa jari a unguwar Zango, nan cikin garin Damagaram, muna sarrafa gero da dawa. Muna yin garin fura da garin kunu da tsaki, sannan muna shirya tsiron dawa domin masu dama kunun zaƙi, waɗanda cinikinsu kan bunƙasa da azumi da lokacin bazara. Shekaru da dama muna kai hatsinmu injin faranti na unguwa, inda mutum zai bi layi tun hantsi, kuma idan aka yi rashin sa'a wanda ke gabanka barkono ya kawo ko gyaɗa, to garinka zai fito da ƙamshin abin da ba ka zuba ba. Abin da ya fi damuna shi ne ranar da aka wasa farantan, domin garin farko yakan fito da duhu-duhu, wato ƙarfen da ya goge ne yake bin sa. Wannan ya sa muka yanke shawarar mallakar namu injin, kuma yanzu da ya haura shekara a hannunmu, ina ganin zan iya faɗin ra'ayina a kansa ba tare da zumuɗin sabon abu ba.

Mun saye shi ne a hannun wani ɗan kasuwa a Kano, bayan an sake buɗe iyakar Nijar da Najeriya a watan Maris na 2024, aka ɗauko mana shi ta hanyar Daura da Matamaye. Kaya uku ne a haɗe: injin niƙa mai guduma da motarsa ta lantarki mai ƙarfin kilowat 7.5, wato doki 10 a lissafin masu gyara, da mazurarin ƙarfe mai tara gari da ƙura, sai kuma ƙaramin injin tsince tsakuwa, wanda a lokacin na ɗauke shi a matsayin gyara kawai. Ƙorafina na farko a kan mai sayarwa ne, domin bai tambaye mu irin wutar da muke da ita ba. Motar tana bukatar kuran mai layi uku, mai ƙarfin bolt 380, alhali shagonmu layi ɗaya gare shi kamar kowane gida, saboda haka injin ya yi kusan wata biyu a rufe da tabarma kafin mu kammala neman sabon layi.

Yadda yake aiki ba shi da wuyar ganewa. A cikin tukunyarsa akwai ƴan ɓallayen ƙarfe da ke juyawa kusan sau 3,000 a minti ɗaya, suna dukan ƙwayar hatsi har ta farfashe ta fice ta ramukan rariyar ƙarfe da ke kewaye da su. Rariyar ce ke yanke laushin gari, ba hannun mai injin ba: idan an sa mai ramin milimita 0.8 a sami gari mai laushi, idan an sa mai faɗi a sami tsaki. A nan ba ni da abin cewa sai yabo. Garin da muka niƙa ranar Litinin da wanda muka niƙa ranar Alhamis laushinsu ɗaya, tankaɗe ya ragu sosai, kuma masu shagunan da ke karɓar kayanmu sun daina ce mana na wannan makon bai kai na wancan ba.

Amma idan aka ce in zaɓi abu ɗaya cikin ukun, injin tsince tsakuwan nan da na raina shi zan ɗauka. Duk wanda ya san yadda ake sussukar gero a karkararmu ya san a ƙasa ake yi, kuma ƙasarmu yashi ce. Ko a kasuwar Dole ka auno tiyarka, ko daga Kundumawa ko Bakin Birji aka kawo maka buhu, ba za ka rasa yashi da tsakuwa da ƙaiƙayi a ciki ba, wani lokaci har da guntun ƙusa. Da can mata biyu ne ke wuni suna sheƙa da rairaya a ƙwarya, kuma duk ƙwarewarsu sai an sami abin da ya kuɓuce, ranar da mai shan fura ya tauna tsakuwa kuwa ka yi asarar mai ciniki ke nan. Shi injin tsince tsakuwan yana da wani faranti mai ɗan karkata, yana girgiza yayin da iska ke huro shi daga ƙasa. Hatsi da ya fi sauƙi sai ya taso ya gangara, tsakuwa mai nauyi kuma ta manne da farantin ta haura ta fita ta wata ƙofa dabam. Ranar farko da na ga abin da ya ware daga buhu ɗaya na geron da muke kira mai tsabta, sai da na kira sauran abokan aikina su gani da idonsu. Sai dai yana son haƙuri wajen saita iskar, domin ƙwayar gero ƙanana ce, idan iskar ta yi rauni gero ya bi tsakuwa, idan ta yi yawa tsakuwa ta bi gero. Mun yi kusan mako guda muna lalube, kuma babu wata takardar bayani da ta zo da shi.

Abin da na fi zargin masu ƙera kayan a kai shi ne rashin sa mayen ƙarfe a bakin injin niƙan. A watanmu na farko wani guntun ƙarfe ya faɗa cikin dawar da aka riga aka tsabtace, ya huda rariya, muka wayi gari garin tuwo yana fita da ɓarzajjen hatsi. Mai waldar unguwarmu ya duba ya ce, "Hajiya, wannan ai ba sai an je Kano ba," ya ciro mayen ƙarfe daga tsohuwar lasifika ya ɗaure mana a maƙogwaron injin. Kowace yamma muna share abin da ya kama, kuma ba kasafai muke tarar da shi wayam ba. Ban da asarar rariya, ƙarfe a cikin irin wannan injin yana iya tada tartsatsi, ƙurar gari kuwa idan ta cika ɗaki tana kamawa da wuta.

Darasi na biyu danshi ne. Surfe yana bukatar a yayyafa wa gero ruwa, kuma mun saba da injin faranti wanda ba ya ƙin hatsi mai ɗan laima. Mai guduma ba haka yake ba, domin gari mai danshi yana toshe ramukan rariya, motar ta yi nishi, tukunyar ta ɗau zafi. Dole bayan surfe da wanki a shanya hatsin ya bushe ƙarau, yadda idan an ciza ƙwaya za ta fashe da ƙara, abin da masana ke ƙiyastawa da danshin kashi 12 zuwa 13 cikin ɗari. Da rani wannan ba matsala ba ce a Damagaram, amma a watan Agusta mun sha jinkirta aiki. Haka kuma garin yana fitowa da ɗumi, gero kuwa yana da maiƙo fiye da dawa da masara, shi ya sa garinsa ke saurin yin ɗaci. Idan aka ƙulle shi a leda da ɗuminsa sai ya yi gumi, kwanakinsa su ragu. Yanzu muna baza shi a manyan faranti ya huce tukuna. Ɗanyen hatsin kuma muna adana shi a buhunan PICS masu ruɓi uku, waɗanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta samar tare da masu binciken noma na yankinmu, ciki har da INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, tun asali domin wake, kuma sun raba mu da zuba maganin ƙwari a abincin mutane.

Inda injin ya ba ni kunya shi ne tsiro. Muna jiƙa jar dawa, mu shimfiɗa ta a rufe kwana uku zuwa huɗu ta tsira, mu shanya, sannan mu murje saiwa da tohon mu sheƙe su, saboda tohon dawa yana ɗauke da guba, abin da kowane makiyayi ya sani. Tsiron da ya bushe yana da gautsi ƙwarai, gudumar kuwa ba ta san lallashi ba, sai ta mai da shi hoda har da jan ɓawonsa. Masu kunu suka fara dawo mana da ƙorafi cewa abin yana wuce ƙyallen tata, kunun yana fita da bauri da duhu. Ɗan ƙanwata da ya karanci sarrafa abinci ne ya bayyana mini cewa wannan tsohuwar matsala ce ga duk masu aiki da tsiro, tun daga ƙananan masana'antun giya na Turai da Amurka har zuwa masu lemon malt na Najeriya, waɗanda suka koma ga dawa bayan an hana shigo da tsiron sha'ir a 1988. Masu aiki da sha'ir sun fi son injin da ke matse ƙwaya tsakanin gangunan ƙarfe biyu, domin ya fasa cikinta ya bar ɓawon da girmansa, ɓawon kuma shi ke zama matata, alhali masu tace barasa daga masara sukan yi amfani da mai guduma saboda laushi suke nema. Harkarsu ba tamu ba ce, amma dalilin ɗaya ne. Mun sa an yanko mana rariya mai ramin milimita 3, muna zuba tsiron a hankali, kuma baurin ya ragu ƙwarai, ko da yake har yanzu yana fitar da hoda fiye da yadda nake so.

Sauran abubuwan ƙanana ne. Ƙararsa tana da yawa, har mun yi alkawari da maƙwabta cewa ba za mu tada shi bayan sallar magariba ba. Mazurarin ƙura yana aiki, amma buhun yadin da ke bakinsa sai an kakkaɓe shi kullum, kuma mai zuba hatsi ba ta rabuwa da takunkumi. Gudumomin suna cinyewa, sai dai ana juya su ta kusurwa huɗu kafin a sauya, kuma dole a sauya su gaba ɗaya, in ba haka ba injin ya riƙa rawa yana cin ƙafafunsa. Rariya ce ba a samu a nan cikin sauƙi, saboda haka duk wanda zai je Kano cikin danginmu sai mun ba shi saƙo.

Ga mai yin garin gero ko dawa ko masara da yawa, wanda ke da wuta mai layi uku da filin shanya, ina ba da shawarar wannan injin ba tare da shakka ba, da sharaɗin ya sa mayen ƙarfe tun ranar farko kuma ya taho da rariya aƙalla iri uku. Wanda jarinsa bai kai ba, ya fara da injin tsince tsakuwa ya ci gaba da kai niƙa unguwa. Wanda kuwa tsiro ne babbar sana'arsa, kada ya sayi mai guduma domin ita. Mu kanmu mun fara adashi domin ƙaramin injin ganguna, kuma mai waldarmu ya ce in mun samo masa hotonsa ta kowane gefe zai gwada ƙera mana kafin azumi mai zuwa.