Wata takwas da ɗan rediyon nan mai SSB, ga yadda muka kwashe da shi

Tun watan Disamba na sayi ƙaramin rediyon nan ɗan China, abokai sai tambayata suke wai ya ci kuɗinsa ko dai ɓarna ce tunda ga waya a hannu, to ga abin da na gani. Ni fa ba don BBC ko DW na saye shi ba, waɗannan ko tsohon rediyon Baba yana kamo su tsaf. Masu rediyon sha'awa nake nema, mutanen nan da ke zaune cikin ɗakunansu suna kiran juna daga ƙasa zuwa ƙasa da lambar kira, in rediyonka ba shi da SSB kuwa, wato tsarin aika murya da suke amfani da shi, muryarsu za ta zo maka kamar agwagwa na kuka cikin tulu, ba ka gane ko kalma ɗaya.

Satin farko wallahi na yi nadama. A ɗaki babu abin da nake ji sai ƙugi, ashe inbatar sola ce da cajar waya ke cika wurin da hayaniya. Sai na ɗauke shi na koma lambun bayan gida, nan Birnin Kebbi, na sayi wayar lantarki mita 15 wurin mai gyaran wuta na ɗaura daga reshen darbejiya zuwa gora kusa da zogale, na jona ɗaya bakin a ramin eriya. Bayan la'asar ina ban ruwan albasa da latas na murɗa wajen 14.200 MHz a USB (wani nau'in SSB ne) sai ga wani yana ta CQ CQ, wato kiran duk wanda ke saurare, lambarsa ta fara da I, wato Italiya kenan, tar kamar a Jega yake. Na ajiye bokiti na zauna a ƙasa har ruwa ya jiƙa min wando. Daga baya na ji EA na Sifen, wani dare kuma PY na Burazil. Namu na Najeriya 5N ne farkon lambarsu, har yau ina jiran in ci karo da ɗaya.

Batirin rediyon irin na ƙananan Nokia ɗin da ne, ko a kasuwa ka samu, kuma yana kwana biyu bai mutu ba. Inda ya ba ni haushi maɓallansa sun yi ƙanana, mai manyan yatsu sai ya danna biyu lokaci guda, sifikar ma sai a hankali, dole sai da abin kunne. Murɗa shi har murya ta daidaita kuma yana son haƙuri, ka ɗan wuce kaɗan mutum ya koma kamar ya shaƙi hanci.

Abin da ban zata ba shi ne yadda zaman lambun ya sa na fara lura da abubuwa. Da hunturu iska shiru, sigina fes. Da bazara jemagu suka addabi mangwaro, magariba na yi sai ka ga sun yo ayari. Ranar da na fara ganin shamuwa kan tsamiyar maƙwabta a ranar na ji wani ƙaras ƙaras a 7 MHz, na ɗauka lalacewa ya yi, ashe walƙiya ce daga nesa, tun ba a ga hadari ba rediyon ya ji shi. Yanzu har Hajiya kan leƙo ta ce malam me rediyonka ya ce, a kwashe shanya? Da na ji ƙarar ta yi yawa nake cire wayar eriyar in jefar da bakinta waje, kar wanda ya yi wasa da wannan a damina.

Yanzu kuɓewa da yakuwa sun rufe inda albasa take, kwaɗi na neman fin Italiyawan murya da dare, ga wata kurciya da ta mayar da eriyata wurin hutawa. Saurare kawai nake, magana sai da lasisi da wata na'urar daban, wannan ba ya aikawa. Akuyar maƙwabci ma ta tsinka min wayar sau biyu garin neman zogale, na ƙara wa gorar tsawo jiya.