Sarƙa da sifroket ɗin mashin: wanne za ka saya kafin ka kwance taya?

In sarƙar mashin ta fara kwaratsi, yau ka ja ta jibi ta sake saki, tsuguna a bayan mashin ka kama ta daidai inda ta naɗe babban sifroket, ka jawo ta baya. Idan ta ɗago har ka hango rabin haƙori, ta gama aiki. Dubi haƙoran ma. Na sabo kansu a faɗaɗe yake, na wanda ya cinye kuwa sun yi tsini sun karkata gefe ɗaya kamar ƙugiya.

A shago za a tambaye ka, sarƙa kaɗai ko saiti? Ɗauki saiti: sarƙa, ƙaramin sifroket na gaba da babba na baya. Sarƙa ba miƙewa take yi ba, ƙusoshin da ke cikin gaɓoɓinta ne ke cinyewa har tazara ta ƙaru, haƙoran kuma su cinye daidai da wannan tazarar. Ka ɗora sabuwa a kansu, haƙori biyu ko uku ne za su ɗauki dukan nauyin, kafin ka ankara ita ma ta bi sahun tsohuwar. Kuɗin da ka ce ka rage, ka biya su sau biyu.

Sai lamba. A jikin sarƙar za ka ga an buga 420, 428 ko 520. Mashinan da suka cika titunanmu, irin su Boxer, Jincheng, Haojue da TVS, galibi 428 ne, wasu ƙananan kuma 420. Waɗannan biyun tazarar gaɓoɓinsu ɗaya ce, milimita 12.7, shi ya sa ake ruɗewa. Babban bambancin a faɗi yake. 420 ba za ta zauna a kan sifroket ɗin 428 ba, ita kuwa 428 za ta hau na 420 amma ta riƙa yawo gefe da gefe. 520 ta manyan mashina ce, ba ruwanka da ita. Ƙirga gaɓoɓin tsohuwar, ko mafi sauƙi, ka sa duka ukun a leda ka tafi da su kasuwa, a gwada ramukan noti a gabanka.

In ka ga H a bayan lambar, kamar 428H, ƙarafunan gefenta sun fi kauri. Ga ɗan acaɓa da mai ɗaukar buhuna ranar kasuwa, ita zan ce ya saya. Akwai kuma mai zoben roba, wadda ke riƙe giris a cikin gaɓa, ƙurar hunturu da taɓon damina ba sa shiga da wuri. Ta fi daɗewa, babu musu. Amma ta fi tsada, ta ɗan fi faɗi har takan gogi murfin sarƙa a wasu mashinan, fetur yana lalata robar, kuma wata sai da na'urar danne mahaɗi (gaɓar da ke haɗa bakunan sarƙa biyu), wadda ba kowa ke da ita a gida ba. Idan murfin sarƙarka yana nan cikakke, 428H da mai a kai a kai ta ishe ka. Masu cire murfin su jefar wai don gayu, su ne ke sayen sarƙa kullum.

DID da RK na Japan ne, Rolon na Indiya, Choho na Sin. Sai dai kwali ba shaida ba ne, jabu ma da suna yake zuwa. Fito da sarƙar ka riƙe ta a kwance ta gefe: mai kyau kaɗan take lanƙwasawa, ta banza sai ta sunkuya tun tana sabuwa.

Yawan haƙora kuma, bar shi yadda kamfani ya yi sai da dalili. Ƙara haƙora a baya yana ba da ƙarfin tashi da lodi da hawan tudu, amma gudu ya ragu, shan mai ya ƙaru. A mashin mai 14 a gaba da 42 a baya, haƙori ɗaya na gaba daidai yake da uku na baya, don haka a taɓa shi da hankali.

Tun kana shagon, haɗa da robobin da ke cikin cibiyar tayar baya, domin in sun mutu sabon saitin zai riƙa fizga. A gida, fara sassauta ƙaramin sifroket tun sarƙa tana kai, wani ya taka maka birkin baya. Kilif ɗin mahaɗi, rufaffen bakinsa ne zai kalli inda sarƙa ke tafiya. Bar mata wasa na santimita 2 zuwa 3 a tsakiya, ka daidaita alamun ɓangarorin biyu don taya ta tsaya saiti, sannan ka sake gyara birkin baya kafin ka hau titi.