Zaɓen Tsibirin Kallon Fafin Kafin a Biya Kuɗin Jirgi

Duk wanda ke son ganin yadda fafin, ƙananan tsuntsayen teku masu launin baƙi da fari da baki mai launi, ke zaman tare, wato yadda namiji da tamata ke gwara baki a ƙofar raminsu yayin da maƙwabta ke matsowa kallo, tilas ne ya taka tsibirin da suke zaune da ƙafarsa, domin daga cikin jirgin ruwa ɗigo baƙi da fari kawai zai hango a kan dutse.

Ta wannan fuskar tsibirin Skomer, da ke gaɓar Pembrokeshire a yankin Wales na Birtaniya, ya sha gaban sauran. Daga wata ƙaramar tashar jirgin ruwa mai suna Martin's Haven ake tashi, kuma mutum 250 kaɗai ake bari su sauka a rana, saboda haka babu turereniya. Ƙidayar 2023 ta nuna fafin fiye da 42,000 a tsibirin. A wurin da ake kira Wick tsuntsayen kan ratsa hanya ta gaban ƙafafun mutane, kuma a watannin Yuni da Yuli za a ga iyaye na saukowa da ƙananan kifaye jere a baki, suna sauri su shige rami kafin manyan tsuntsayen teku su ƙwace. Ƙwai ɗaya tal suke yi a shekara, uwa da uba su yi ta karɓa-karɓar kwanci kusan kwana 40.

Tsibiran Farne na Ingila ba laifi, sai dai murar tsuntsaye ta sa an hana sauka a 2022 da 2023. Tsibirin Heimaey na Iceland ya fi kowa yawan fafin, amma tsada. Tsibirin Eastern Egg Rock a Amurka kuwa kewayawa kawai ake yi a jirgi, ba a sauka.

Abin lura shi ne masu tallar yaudara. Na taɓa biyan wani mai jirgi da ya cika tallarsa da hotunan fafin dab da kyamara, ashe ba shi da izinin sauke kowa, ya zagaya da mu ya dawo. A tambaya a rubuce ko tikitin ya haɗa da sauka, da tsawon zaman da za a yi, da batun mayar da kuɗi idan iska ta hana tashi. Wanda kuma ya yi alkawarin fafin a Skomer a watan Satumba maƙaryaci ne, domin a farkon Agusta suke komawa tsakiyar teku, ba sa dawowa sai Afrilu.