BAITS: ɗan kunnen shanun Botswana a kan ma'auni

Duk saniyar da ake son namanta ya tashi daga mahautar Lobatse ya isa kantunan Turai, dole ne a iya bin sawunta tun daga garken da aka haife ta, kuma wannan shi ne aikin da aka ɗora wa BAITS, tsarin rajistar dabbobi na gwamnatin Botswana. Abin da makiyayi ke saya ƙarami ne: 'yan kunne biyu na roba masu lamba ɗaya, ɗaya faffaɗa da ake karantawa da ido, ɗayan kuma kamar maɓalli, na'ura ce kaɗai ke karanta shi. Da an maƙala su, sai a shigar da lambar cikin kwamfuta tare da sunan mai dabbar da wurin da take kiwo, kuma kowane ciniki ko ƙaura sai an rubuta shi kafin a ba da takardar izinin tafiya.

Sai an tuna abin da ya gabace shi ake gane darajarsa. Tun wajen 2001 ƙasar ta dogara ne da wata doguwar ƙwaya mai ɗauke da lamba da ake ɗura wa saniya ta baki, ta je ta zauna a tumbinta har ranar yanka. Ɓarawo ba ya iya cire ta, wannan gaskiya ne, amma mai saniyar ma ba ya iya ganin lambar dabbarsa, sai ya jira malamin dabbobi ya zo da na'ura, alhali malaman kaɗan ne kuma garkunan sun warwatsu a cikin hamadar Kalahari. Bayanai suka riƙa zama a baya, har a shekarar 2011 aka dakatar da kai nama Tarayyar Turai bayan masu bincike sun gano giɓi a rajistar. Ɗan kunnen ya warware babban ɓangaren wannan matsala, domin ya mayar da aikin hannun mai dukiya, wanda zai iya tsayawa a bakin rijiyar burtsatse lokacin shayarwa, ya duba kunnen kowace dabba ya san wacece.

Inda tsarin ya gaza shi ne wajen tunanin cewa duk makiyaya ɗaya ne. Mai katafariyar gona da aka kewaye da waya a Ghanzi, wanda ke da intanet da ma'aikata, yana cika sharaɗin Turai na kwana 90 a yankin da aka amince da shi da kwana 40 a garke na ƙarshe ba tare da wata wahala ba. Amma mafi yawan shanun ƙasar suna hannun ƙananan makiyaya ne a filayen kiwo na gama-gari, inda garkuna ke cakuɗuwa a mashaya, ƙaya kuma ke fizge ɗan kunne daga kunnen maraƙi, sai a sake saye a sake rajista. Makiyayan yankin Ngamiland da ke arewa maso yammacin ƙasar kuwa nasu ya fi ciwo, domin suna maƙwabtaka da ɓauna masu ɗauke da ciwon baki da kofato, don haka shingayen hana yaɗuwar cuta da aka fara kafawa tun shekarun 1950 sun raba su da kasuwar Turai, ko da kowace saniyarsu tana da lamba.

A ganina, ba a iya auna amfanin ɗan kunnen ba tare da an dubi wanda ke sayen saniyar ba. Yarjejeniyar ciniki da Tarayyar Turai da aka sa wa hannu a garin Kasane a 2016 ta tabbatar wa naman Botswana shiga Turai ba haraji, sai dai shekaru da dama hukumar nama ta ƙasa, wato BMC, wadda aka kafa da dokar 1965, ita kaɗai ke da ikon fitar da naman, kuma makiyaya sun daɗe suna kuka da farashinta da jinkirin biya. Shi ya sa da aka ba da damar fitar da shanu a raye, da yawa suka karkata zuwa masu saye daga Afirka ta Kudu, mahautar BMC ta rasa isassun dabbobi. Ga wanda ke kiwo a yankin da babu cutar kuma yake da shanun da za su cika mota, kuɗin BAITS ba asara ba ne. Mai shanu goma a Ngamiland kuwa, ribar da ya fi gani ita ce shaidar mallaka ranar da aka kama ɓarawo da dabbarsa.