Na'urar awon hawan jini ta gida: yadda ta yi min aiki lokacin goyon ciki

A mako na 26 na cikina na uku, ma'aikaciyar jinya a wurin awo ta auna ni sau biyu, ta rubuta 144/92 a katina, sannan ta ce, "Hajiya, jininki ya fara hawa, kuma duk abin da ya kai 140/90 ba a wasa da shi." Washegari maigida ya sayo na'urar awo a kemis, irin wadda ake ɗaura wa a damtse, mai aiki da batir huɗu.

Amfani da ita ba shi da wahala, domin maɓalli ɗaya ake dannawa, lambobinta manya ne, kuma tana ajiye awon baya, wanda nake nuna wa likita duk ranar awo. Sai dai tana da sharaɗi: mutum ya zauna ya huta minti biyar, ya jingina bayansa, ya ɗora hannu daidai ƙirji, kuma kada ya yi magana. Ranar da na auna ina faɗa da yara, lambar da ta fito ta kusa sa ni kuka.

Inda ta gaza shi ne maɗaurin da ta zo da shi, wanda aka yi wa damtsen da bai wuce santimita 32 ba. Nawa ya fi haka, kuma ƙaramin maɗauri yana ƙara lamba, don haka sai da muka sayi babba daban. Haka kuma ba ta duba fitsari, alhali furotin a fitsari na cikin alamomin cutar da ke kaiwa ga jijjiga, cutar kuma tana rage jinin da ke isa ga jariri ta mabiyiya har ya ƙi girma ko a haife shi bakwaini.

Duk da haka ta biya kuɗinta. Wani dare a mako na 36 na tashi da ciwon kai mai tsanani, idona na ganin dishi-dishi, ta nuna 162/110, muka tafi asibiti ba mu jira gari ya waye ba. An yi min allurar hana jijjiga, aka sa min naƙuda, na sauka lafiya. Na ci gaba da awo har na yi arba'in, saboda jinin kan hau bayan haihuwa, kuma likita ya hana ni kunun kanwa, abin da surukata ba ta ji daɗinsa ba.