Yuro 6,150 ta cinye mana da sunan hutun yara a jirgin ruwa

Jama'a, duk wanda ya ga tallar wata mata a Instagram da ke cewa tana shirya wa iyalai yawon shaƙatawa a ƙaramin jirgin ruwa na alfarma a Bahar Rum, wai da rangwame na musamman saboda dogon hutun makaranta, kada ya kuskura ya tura mata ko sisi. 'Yar damfara ce. Yuro 6,150 ta karɓe mana. Yuro 6,150, kuɗin da muka daɗe muna tarawa ni da baban yara, ta haɗiye ta yi ɓatan dabo.

Kafin wani ya fara ce min "ke ma da ganganci", ya tsaya ya ji. Ba araha ce ta ruɗe ni ba. Yuro 12,000 ta yanka mana mu biyar, dare bakwai, kuma wannan ba kuɗin banza ba ne da zai sa mutum ya tsargu. Jirgin da ta nuna min akwai shi a duniya, na binciko shi da kaina, hotunan nasa ne. Hanyar ma ta yi daidai da hankali: a tashi daga tashar Piraeus ta Girka, a biya Mikonos da Santorini, a tsaya Kotor, a sauka Dubrovnik ta Kuroshiya. Na yi mata tambayar biza don in gwada ta, ta amsa ba gargada. Ta ce Kuroshiya ta shiga yankin Schengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, tun 2023, don haka biza ɗaya ta ishe mu can da Girka, amma tunda Kotor a Montenegro take, wajen yankin, mu nemi mai shiga fiye da sau ɗaya. Ta faɗi kuɗin bizar, Yuro 90 babba, 45 yaro mai shekara 6 zuwa 12. Na duba, haka yake. To ku gaya min, wa zai ji wannan ya ce ɓarauniya ce?

Amma ba wannan ne ya kashe min jiki ba. Saƙon muryar nan ne. Na ce mata autata ba ta jure mota, amai take yi, ina tsoron ruwa zai fi wahalar da ita. Sai ta turo murya a sanyaye, har da 'yar dariya: "Haba Hajiya, ni ma uwa ce. Kada ki ɗauki ɗakin sama ko na goshin jirgi. Zan ajiye miki na tsakiya a hawan ƙasa, can ne ba ya tangaɗi sosai." Kuma gaskiya ta faɗa, duk wanda ya san jirgin ruwa ya san tsakiya daga ƙasa ne igiyar ruwa ba ta jijjigawa kamar sauran. Ɗakin da ta zaɓar min ma ya fi wanda na so sauƙin kuɗi. Mai son cutar ka zai rage maka kuɗi? Haka na tambayi kaina a lokacin, haka nake tambaya har yanzu. "Ni ma uwa ce." Na saurari muryar nan har na haddace inda take jan numfashi. Ko minti goma ba a yi ba na tura kafin alƙalami, Yuro 4,800.

A'a, kafin nan ma sai da ta karɓi hoton fasfo ɗinmu, mu biyar, har na yaran. Ko bayan na tura kuɗin ne? Bayan ne, don na tuna rasit ɗin ya riga ya shigo, da tambarin jirgi da lambar ajiyar ɗaki da komai, fes da shi. Asusun da ta ba ni kuwa ba na kamfani ba ne, sunan wani mutum ne. Na yi magana a kai, kada a ce ban yi ba. Ta ce wakilinsu ne na Girka, kuma biyan da kati yana jawo caji mai yawa, gara a tura kai tsaye ta banki. Sai daga baya wani ma'aikacin banki ya nuna min cewa lambar IBAN, wato lambar asusun banki ta ƙasa da ƙasa, in ta Girka ce da GR take farawa, wannan kuwa haruffan wata ƙasa ce daban. Ni ina na taɓa zama ina karanta haruffan farkon lambar asusu?

Sai karo na biyu. Ta kira, wai Girka ta sa sabon haraji a kan fasinjojin jiragen ruwa, in ba a biya cikin awa 48 ba za a saki ɗakinmu, ga iyalai a layi suna jira tunda lokacin hutu ne. Yuro 1,350. Na duba, harajin gaskiya ne, an fara karɓar sa a 2025. Abin da ban gani ba a gaggawar nan shi ne nawa ne. Yuro 20 ne kan kowane mutum a Santorini, 20 a Mikonos, a tsakiyar lokacin zafi. Mu biyar, tsibiri biyu, Yuro 200 ke nan. Ita ta karɓi 1,350. Ku haɗa da 4,800, Yuro 6,150. Kowace ƙaryarta sai ta naɗe ta da gaskiya guda, yadda ake ɓoye wa yaro ƙwayar magani a cikin loma.

Baban yara ne ya tono asirin, shi ma ba don yana zargi ba. Takardar shaidar tafiya muke bukata don neman biza, tana ta yi mana gobe, jibi. Ya shiga shafin kamfanin jirgin ya sa lambar da ke kan rasit, aka ce babu ita. Ya buga musu waya. Matar da ta ɗauka ta ce ba su san wannan wakiliya ba, babu sunanmu, sannan ta tambayi shekarun yaran. Da ya faɗa sai ta ce ai su ba sa ɗaukar wanda bai kai shekara 18 ba. Jirgin manya ne zalla! Ashe a cikin jiragen alfarma akwai masu wannan doka, na kamfanin Viking ma haka suke. Ita kuwa har hoton ɗakin wasan yara ta turo min, da kujeru ƙanana masu launi, ko na wane jirgi ne oho. Ɗana babba ya sa sunan jirgin a MarineTraffic, shafin da ke nuna inda jiragen ruwa suke, sai ga shi can a gaɓar Norway, kuma jadawalin kamfanin ya nuna a can zai ƙare watannin zafi, ko kusa da Bahar Rum ba zai zo ba.

Na tura mata duk wannan. Ta karanta, na ga alamar ta karanta. Ta toshe ni a WhatsApp, ta sauya sunan shafin, ta bar hotunan yadda suke. Banki sun karɓi ƙorafi amma sun ce kuɗin da mutum ya tura da hannunsa da wuya ya dawo, da kati ne da an iya neman a janyo shi. Mun kai rahoto ga 'yan sanda.

Ku dai in za ku biya, ku kira kamfanin jirgin da lambar da ke shafinsu, ku tambayi ko sun san wakilin, ko suna ɗaukar yara, ku sa lambar ajiyar a shafinsu ku ga sunanku. Da kati, ba asusun mutum ba.

Yaran sun gama gaya wa 'yan ajinsu za su kwana a kan teku. Autar har yau tambaya take yaushe za a tafi. Ga fasfo ɗinsu a wayar matar nan, abin da ya fi kuɗin hana ni barci ke nan, ban san me za ta yi da su ba. Hotunan hirarmu, rasit ɗin ƙarya, takardun banki na 4,800 da na 1,350, da muryar nan ta "ni ma uwa ce", duk suna nan, zan ɗora su da zarar na gama rufe sunayen yarana a jiki. Wadda ta taɓa yi wa irin wannan ta yi min magana ta gefe, a haɗa ƙorafin wuri guda. Ni dai ban yafe ba, Allah ya isa.